Kiwon Legbar tsantsa: shaidar tana bayan ɗan tsako

Akwai kajin da ake gane macensu da namijinsu da ido tun ranar da suka fito daga ƙwai. Irinsu nake kiwo, musamman Cream Legbar mai ƙwai shuɗi, kuma babban abin da aikin ya koya mini shi ne sunan da aka sayar maka da kaza ba ya tabbatar da cewa tsantsa ce. 'Yan tsakinta ne za su faɗa.

Waɗannan kaji ƙirƙiro su aka yi da gangan. Reginald Punnett da Michael Pease, masana ilimin gadon halitta a Jami'ar Kambirij ta Ingila, su suka fara fitar da Cambar, iri na farko cikin waɗannan kaji, wadda aka nuna wa duniya a Landan a 1930. Daga nan suka haɗa Leghorn ruwan ƙasa da Plymouth Rock mai ratsi suka sami Legbar. Da aka shigar da jinin kaji masu ƙwai shuɗi 'yan asalin ƙasar Chile sai aka sami Cream Legbar mai tukku, aka kuma amince da ma'auninta, wato rubutattun siffofin da ake gane irin da su, a Birtaniya a 1958. Rhodebar da Welbar duk a kan wannan dabara suke, haka ma Bielefelder ta Jamus. Cambar kanta ta ɓace. Ƙarancin masu kiwo na iya kashe iri ba tare da annoba ba.

Dabarar tana kan ƙwayar gado guda, wadda ke sa ratsi a gashi, tana kuma zaune a kan kuromosom (zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) na jinsi da ake kira Z. Zakara yana da Z biyu, kaza tana da ɗaya. Don haka zakara tsantsa yana ɗauke da ƙwayar ratsi biyu, kaza kuwa ɗaya tak za ta iya ɗauka. Ƙwayar tana dusashe launi, biyu sun fi ɗaya dusashewa. A ranar ƙyanƙyasa macen tana fitowa da duhu, da zane baƙi-baƙi mai kaifin gefe daga ka har gindi, da wani siririn layi da ya ratsa ido kamar an sa mata kwalli. Namijin kuwa fari-fari ne, zanen bayansa ya dusashe ya cakuɗe, ga tabo mai haske babba a tsakar kansa. Macen ma takan zo da ɗan ɗigo a ka, amma ƙarami ne mai tsayayyen gefe.

Kada a rikita wannan da kajin haɗi na kasuwanci, inda ake ɗora zakaran Rhode Island Red a kan kazar Light Sussex, mata su fito ja, maza su fito fari. Wannan haihuwa ɗaya yake aiki. Idan ka haɗa 'ya'yan da juna launi ya daina bin jinsi. A irin tsantsa kuwa alamar tana nan zuri'a bayan zuri'a, kuma wannan kaɗai ne dalilin ɗaukar wahalar kiyaye shi.

Ɓarnar da na fi tsoro ita ce zakara mai ƙwayar ratsi ɗaya. Yana fitowa ne daga gidan da aka taɓa shigar da wani jini, ko da a kakanni ne. Idan ya girma yakan ɗan fi 'yan'uwansa duhu, amma ba kowane ido ke kamawa ba. In ka ɗora shi a kan kaji tsantsa, rabin 'ya'yansa mata ba su da ratsi ko kaɗan, rabin 'ya'yansa maza kuma ƙwaya ɗaya suke da ita, wato suna fitowa da kamannin mata. Mai kiwo ya ware su da sunan mata, sai bayan sati shida ya ga zanko ya miƙe ya yi ja.

Shi ya sa ba na sa sabon zakara cikin kajin iri sai na gwada shi. Ina haɗa shi da baƙaƙen kaji marasa ratsi, kamar Australorp, in ƙyanƙyashe ƙwansu. Idan ƙwayarsa biyu ce, kowane tsako zai fito da farin tabo a ka, mace da namiji. Idan ɗaya ce, kusan rabi za su fito baƙi wuluk. Tsako ɗaya marar tabo ya isa ya fitar da shi daga lissafi. Idan bakwai suka fito duk da tabo, yiwuwar cewa sa'a ce kawai ta rufa masa asiri ɗaya ce cikin 128. Na fi son in ga goma kafin hankalina ya kwanta. Gwajin yana cin kusan wata ɗaya da rabi, daga haɗawa zuwa ƙyanƙyasa.

Ƙwai shuɗi shi ne abin da ya fi ruɗin masu saye. Ƙwayar shuɗin mai rinjaye ce, guda ɗaya ta wadatar, don haka kaza ruwa biyu ma tana yin ƙwai shuɗi. Abin dubawa shi ne irin shuɗin. Launin shuɗi yana ratsa ɓawon ƙwai ciki da waje, ruwan ƙasa kuwa shafe ne a sama kawai. In ka fasa ƙwai ka ɓare fatar ciki ka ga cikin shuɗi amma wajen kore ne mai duhu, to akwai jinin kaza mai ƙwai ruwan ƙasa a gidan. Ɗan kore mai haske ana samunsa a Cream Legbar, ma'aunin Birtaniya ma ya yarda da shi, amma ni ba na sa ƙwan da ya karkata zuwa kore sosai a injin ƙyanƙyasa. Idan kuma wata ta yi farin ƙwai, to a cikin uwarta da ubanta babu mai ƙwayar shuɗi biyu. Zakara ba ya ƙwai, sai dai a gane shi ta 'ya'yansa: a haɗa shi da kaji masu farin ƙwai, a raini matan har su fara ƙwai wajen wata biyar zuwa shida. Duk wadda ta yi fari ta nuna ƙwayarsa ba biyu ba ce. Yanzu akwai gwajin DNA da ake yi da gashi ko jini, wanda ke rage wannan jira.

Launin gashi na ruwan madara, wanda irin ya ci sunan Cream da shi, akasin haka yake. Ƙwayarsa ɓoyayyiya ce, sai tsako ya gada daga iyaye biyu take nunawa. Madara da madara kullum madara suke haifa. Idan wuyan zakara ya yi ruwan zinare, ba lalle ne ruwa biyu ba ne, amma ya kauce wa ma'auni, kuma biyu masu ruwan zinare da ke ɓoye da ƙwayar kashi ɗaya cikin huɗu kawai za su ba ka masu madara. Ban cika zafafawa a kan wannan ba. Zakara mai ɗan zinare a wuya wanda 'yan tsakinsa ke rabuwa sarai ya fi mini wanda launinsa ya cika amma 'ya'yansa sai an yi gardama a kansu.

Ko a cikin tsantsa, kaifin alama yana raguwa in ba a zaɓe. Ina duba tsaki da zarar sun bushe, a hasken rana, domin fitila mai ruwan ɗorawa tana ɓata launi. Ina raba su uku: waɗanda ba shakka a kansu, na tsaka-tsaki, da waɗanda na yi jinkiri kafin in yanke. Kowanne ina ɗaukar hotonsa daga sama, in sa masa lamba a fiffike. Na ukun ba sa shiga iri, komai kyan da suka yi da girma. Dole a yi wannan a kwana biyu ko uku na farko, kafin gashin fiffike ya fara fitowa. Bayan wata shida babu abin da zai gaya maka yadda kaza ta kasance tana tsako, sai hoton da lambar.

Lamba ba ta da amfani in ba a san uwa da uba ba. Kaza tana ajiye maniyyin zakara a jikinta sati biyu zuwa uku, don haka in ta yi cuɗanya da wani, sai na ware ta sati huɗu kafin in tara ƙwanta. Ina rubuta lambar akurki da kwanan wata a kan ƙwai da fensir. Ana ajiye shi tsinin a ƙasa, a wuri mai sanyin digiri 12 zuwa 15, kada ya wuce kwana bakwai zuwa goma. A injin mai fanka zafi digiri 37.5, danshi kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari har kwana na 18, sannan a daina juyawa a ɗaga danshi zuwa 65 ko 70. A wannan kwana na 18 nake zuba ƙwan kowane akurki cikin jakar raga daban. In ba haka ba, a kwana na 21 tsaki sun cakuɗe, aikin wata guda ya tafi.

Sai dai tsoron gauraya yana jefa masu kiwo cikin wata ɓarnar da ta fi gaurayar muni. Mutum ya sami zakara ɗaya da ya ci gwaji, sai ya riƙe shi shi kaɗai, ya ɗora shi a kan 'ya'yansa da jikokinsa. Akwai lissafi mai sauƙi: ninka yawan zakaru da yawan kaji, ninka sau 4, raba da jimillarsu. Zakara ɗaya da kaji 10 ya ba da 3.6, wato a wajen gado garken bai kai kaji huɗu ba, kuma kusancin jini yana ƙaruwa da kusan kashi 14 cikin ɗari kowace zuri'a. Zakaru 3 da kaji 12 suna ba da 9.6, ƙaruwar ta sauka zuwa kusan kashi 5. Yawan zakaru ne ke sauya lissafin. Alamun kusanci su ne ƙyanƙyasa ta ragu, tsaki su mutu cikin ɓawo, jiki ya ƙanƙance, ƙwai ya yi ƙaranci. Amma a fara auna zafin injin da wani ma'auni daban, domin injin da ya kauce ma yana kawo irin wannan.

Tsarin da nake bi akurki uku ne, kowanne da launin zoben ƙafarsa. Tsako yana ɗaukar launin zoben uwarsa. Mata suna zama a akurkin da aka haife su, maza kuwa suna matsawa gaba: ɗan na farko ya tafi na biyu, ɗan na biyu ya tafi na uku, ɗan na uku ya koma na farko. A kowane akurki ina ajiye zakaran ko-ta-kwana. Idan za a shigo da sabon jini daga wani mai kiwo, ana killace shi kwana 30, a yi masa gwajin ratsi, a ba shi kaji biyu a akurki na daban. 'Ya'yansa ba sa shiga cikin ukun nan sai an ga zanen bayansu suna tsaki, an kuma fasa ƙwan matan an duba cikin ɓawon.