Da indararon gida zuwa rafukan zinariya na Laplan

Jirgin ƙasa na dare ya kwashe mu daga Helsinki, babban birnin Finlan, gari ya waye mana a Rovaniemi da ke Laplan, yankin arewacin ƙasar, in har za a kira shi wayewar gari, don a ƙarshen watan Yuni duhu bai sauka ba balle ya yaye. Daga nan muka ɗauki mota muka miƙi hanyar E75 zuwa arewa. Ni da ƙanena ne, wanda yake karatun injiniya a Finlan, kuma shi ya kitsa tafiyar. A bayan mota akwai shebur biyu, bokitai, takalman roba masu kaiwa gwiwa, da abin da ya fito da mu: wani indararon wanke zinariya da ya ƙera da hannunsa cikin hunturu, bai kuma taɓa ganin ruwan rafi ba.

Daga Rovaniemi zuwa Tankavaara, ƙauyen masu wanke zinariya da muka nufa, kusan kilomita 230 ne, itatuwa da tabkuna da fadamu ba iyaka. Bayan Sodankylä motoci suka ragu, barewar makiyayan yankin suka yawaita a kan kwalta, kuma ba ruwansu da oda. Mun wuce Vuotso, ƙauyen mutanen Sami, 'yan asalin yankin, jim kaɗan muka iso.

Zinariyar Laplan tsohon zance ne. A 1868 wata tawagar gwamnati ƙarƙashin Johan Konrad Lihr ta same ta a kogin Ivalojoki, lokacin ƙasar tana hannun Sarkin Rasha, kuma a 1870 ɗaruruwan mutane suka kwararo kogin. Ta Tankavaara sai a 1934 aka gano ta, ta hannun wani mutumin Sami mai suna Aslak Peltovuoma. Ta kogin Lemmenjoki ta biyo baya a 1945. Dunƙule mafi girma da aka taɓa samu a ƙasar giram 393 ne, Evert Kiviniemi ya tsince shi a 1935, har gobe kuma duk wanda ya riƙe shebur a can ya san wannan lamba. An kafa gidan tarihin zinariya na Tankavaara a 1973, kuma nan muka fara shiga.

Na zagaya ina kallon kayan aikin mutanen da: kasake na ƙarfe da na katako, akwatin da ake girgizawa da hannu ana zuba masa ruwa da moɗa, dogayen indararo na katako. Siffa daban-daban, amma dabara ɗaya ce tak. Zinariya tsantsa ta fi ruwa nauyi sau 19.3, yashi kuwa sau 2.65 kawai. A cikin ruwa tazarar tana ƙaruwa, domin ruwa yana ɗauke wa kowanne wani kaso na nauyinsa: abin da ya rage musu 18.3 ne da 1.65, wato zinariya ta ninka yashi kusan sau 11. Duk wani kasko ko akwati, na kanti ko na gida, aikinsa ya sa ƙasa ta saki jiki a cikin ruwa har mai nauyi ya nutse, marar nauyi ya bi ruwa. Ruwan ne ma'aikaci. Akwatin yana tsara masa gudu ne kawai.

A wannan ƙauye aka fara gasar wanke zinariya ta duniya a 1977, kuma tsarinta ya burge ni fiye da duk abin da ke cikin gilashi. Ana ba kowa bokitin yashi da alƙalai suka zuba wa ƙwayoyin zinariya ƙidayayyu, ɗan gasa bai san adadinsu ba. Wanda ya riga gamawa ba lalle shi ya ci ba, don kowace ƙwaya da ta sulale masa ana ƙara masa mintuna. A bakin rafi babu alƙali. Mutum yana ganin abin da ya kama, ba ya ganin abin da ya tsere, shi ya sa kowane maƙerin indararo yake rantsuwa nasa ba ya zubar da ko ƙwaya.

Ba a shiga dajin gwamnati a kama haƙa haka nan. Izinin wanke zinariya yana hannun wata hukumar gwamnati mai suna Tukes, kuma dokar ma'adinai ta 2011 ce ta kawo ƙarshen haƙa da injuna a Lemmenjoki a 2020, aka bar masu shebur. Baƙo irina ko dai ya yi wanki a wurin da aka tanadar wa masu yawon buɗe ido, ko ya samu mai izini ya yarje masa. Ƙanena ya san wani dattijo da ke da fili a wani ƙaramin rafi can gaba, wajen Saariselkä, kuma shi ya karɓe mu. Mutum ne marar yawan magana, ƙanena yana yi mana tafinta, mu kuma a tsakaninmu muna ce masa Baba.

Rafin bai fi a tsallake shi da taki biyu ba. Ruwansa ja-ja ne saboda fadamar da ya ratso, ga sanyi mai sa yatsu su ƙage. Sauro kuwa, duk abin da aka faɗa maka a kansa an rage. Indararon Baba yana kafe a gefe: katako uku da aka haɗa da ƙusa, ya fi mutum biyu tsawo, baƙi ƙirin don tsufa, da bututun roba da ke kawo masa ruwa daga sama. Kusa da shi ƙanena ya kwance nasa. Farantin alminiyam ne da ya lanƙwasa, tsawonsa mita ɗaya, faɗinsa santimita 25, bakinsa a buɗe don ya tattaro ruwa. A farkonsa ya shimfiɗa baƙar tabarmar roba mai layi-layi, yadda in ƙwaya ta faɗo za a gan ta nan take. Daga nan zuwa ƙarshe kafet ne, a bisansa ragar ƙarfe, a bisa ragar kuma wani tsani na sandunan ƙarfe masu kusurwa da ake ɗaurewa da noti mai kunne. Gaskiya ya yi kyau, kuma hannu ɗaya yake ɗaukarsa.

Baba ya duba shi sama da ƙasa, bai yaba ba, bai kushe ba. Ya shiga bukkarsa ya fito da gwangwani cike da gutsattsarin darma, irin wadda masunta ke ɗaura wa ƙugiya, an yanka ƙanana an shafa musu jan fenti, wasu dunƙulallu, wasu an daddake su sun yi fale-fale. Darma ta fi ruwa nauyi sau 11.3, ba ta kai zinariya ba, saboda haka akwatin da ya riƙe ta zai riƙe zinariya mai irin girmanta da siffarta. Ya ƙirga ashirin a tafin hannuna, ya watsa a bokitin ƙasa, ya juya da shebur, ya ajiye baho a wutsiyar indararon don tare abin da zai fita.

"Yaya, kai za ka zuba," in ji ƙanena, "ni zan kula da ruwa."

Ya kafa akwatin a kan duwatsu da gangaren da kowa ke farawa da shi, kashi ɗaya cikin 12, wato kusan santimita 8 a kowace mita. Na fara zuba ƙasa yadda ta fito daga rami, da tsakuwarta da komai. Ƙasar Laplan tarkacen da ƙanƙara ta niƙa ta bari ne, daga gari mai laushi har dutsen da ya kai dunƙulen hannu duk a cakuɗe. Duwatsun suka tsaya cak a kan tsani. Don su wuce sai da ƙanena ya ƙara gangare ya ƙara ruwa, da suka fara birgima kuma sai ruwan ya riƙa kwashe abin da ke tsakanin sanduna. Da muka wanke bahon wutsiya da kasko, ga jajayen darma nan, kusan duk masu fale-falen.

A nan ne na ga inda yawancin masu ƙira suke ɓata ƙoƙarinsu. Ana ta gardama a kan siffar sanduna, alhali matsalar tana gaban akwatin. Ruwan da zai tura dutse ya fi ƙarfin ƙwayar zinariya ƙarama, ruwan da zai bar ƙwayar ta kwanta kuma ba zai motsa dutse ba. Gudu ɗaya ba ya yi wa biyun. Maganin shi ne rariya, kuma ta Baba tsohon bokiti ce da aka yanke wa gindi aka ɗaura ragar waya mai ido kamar santimita ɗaya. Ana zura ta a cikin wani bokitin mai ruwa, a girgiza, a duba duwatsun da suka rage ko da rabo, a zubar. A wurin ne kuma ake murje yumɓu da hannu, don curin yumɓu in ya bi ta indararo yakan lashe zinariyar da ta riga ta kwanta ya fice da ita.

Da tacacciyar ƙasa muka sake gwadawa a gangaren farko. Wannan karon wata cutar ta bayyana. Kafin bokiti ya ƙare, ramukan bayan sanduna sun cike da baƙin yashi da jajayen duwatsun ganet ƙanana, waɗanda ƙasar yankin ke da su da yawa. Baba ya kama yatsana ya danna a wurin. Tauri kamar daɓe. Ya ja ni zuwa nasa akwatin ya sake dannawa, sai na ji yashin yana motsi a ƙarƙashin yatsa, yana tafasa a hankali. Bayan kowace sanda ruwa yana yin ɗan juyi, kuma juyin nan ne yake tankaɗe ƙasa ba tsayawa: mai nauyi ya sauka cikin kafet, marar nauyi ya tashi ya tafi. Baƙin yashi ya fi ruwa nauyi kamar sau 5, ganet kamar sau 4, don haka sun fi yashi taurin kai. In sanduna sun yi tsayi ga ruwan da ake da shi, juyin ba ya kai ƙasa, ramin ya toshe, daga nan zinariya ta bi ta kai kamar babu sanda.

Ƙanena ya san wannan a takarda. A hanya ma ya ba ni labarin Randy Clarkson, injiniyan da ya auna indararon masu haƙa a Yukon ta Kanada wajen 1990, ta hanyar sa wa ƙwayoyin zinariya alamar da na'ura ke ganowa, ya zuba su a akwati ya bi sawunsu. Sandunan ƙanena irin waɗanda ake sa wa manyan akwatunan can ne, masu shan ruwan famfo mai ƙarfi. Rafin Baba ba shi da wannan ruwa.

"To a cire tsanin mana," na ce.

"Yaya, wata guda na yi ina walda shi."

Baba bai jira tafinta ba. Ya kwance notin, ya ɗaga tsanin ya jingine a jikin itace, ya maƙale ragar a kan kafet da 'yan sanduna biyu na katako a gefe. Idon ragar kansa ƙananan sanduna ne, kowanne da ɗan juyinsa daidai ƙarfin ruwan. Sannan ya ɗora kasko mai ruwa a kan akwatin ya duba ko ya karkata gefe ɗaya, ya cusa ɗan dutse a ƙarƙashi har ruwan ya bazu daidai daga bango zuwa bango. Ya nuna mini in riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, in jira tabarmar roba ta fito fili kafin in ƙara. A gwajin da ya biyo, darma ɗaya ce ta kai baho, sauran kuma kusan duk a tafin farko na kafet suka tsaya.

Sai bayan nan muka taɓa ƙasar gaske. Baba yana haƙa har ya kai dutsen ƙasa, don zinariya tana ratsa tsakuwa tana sauka har ta samu abin da ba ta iya wucewa, kuma tsagogin dutsen yake kankarewa da cokali da burushi. Aiki ne na baya da kafaɗa, ba abin ba da labari a ciki. Rana tana kewaya sama ba ta faɗuwa, sai agogo ne yake ce maka dare ya yi.

Wankin ƙarshe shi ne mai daɗi. Aka tare ruwa, aka naɗe kafet a hankali aka wanke a baho, abin da ya fito bai cika kofi biyu ba, baƙi mai nauyi. Baba ya ɗiga sabulun ruwa a bahon, domin ƙwaya mai fale-fale, duk nauyin zinariya, tana iya kwanciya a fatar ruwa ta tafi, musamman in maiƙon hannu ya taɓa ta. Ya sa maganaɗisu a cikin leda ya bi ta saman yashin daga ɗan nesa, ya saki abin da ya ɗauko a wani kasko dabam, don baƙin yashi in ya taso a dunƙule yakan rungumo zinariya. Zaiba kuwa ba ta da gurbi a wannan sha'awa, guba ce ga mai wanki da kifin rafi, kuma kasko yana gama aikin ba tare da ita ba. Ya karkata kaskon, ya girgiza, ya bar ruwa yana lasar saman yashin yana janyewa, har wani siririn layi rawaya ya fito a lungu. Ƙwayoyi ne da ba su kai kan allura ba, sai guda biyu da ake iya ɗauka da jiƙaƙƙen yatsa. Wani abu mai ƙyalli da na nuna masa da murna, ya danna shi da farce ya ruguje. Zinariya ba ta rugujewa, lanƙwashewa take yi, kuma launinta ɗaya ne a rana da inuwa.

Ko a lokacin bai yarda an gama ba. Ya debi kasko uku daga tulin da ya fita ta wutsiyar akwatin ya wanke, ya samu ƙura-ƙura biyu. Nasa dogon indararon, da aka yi masa irin wannan bincike, bai bar komai ba. Ƙanena ya ce laifin kafet ne, a sa mai zurfin gashi. Baba ya ce tsawo ne, mita ɗaya ba ta ba ƙura lokacin sauka. A ganina Baba ya fi gaskiya, amma akwatinsa shekara da shekaru yana wuri ɗaya, ba wanda zai saɓa shi a kafaɗa ya shiga jirgin ƙasa.

A hanyarmu ta zuwa Ivalo ni na karɓi tuƙi, ƙanena yana zane a bayan takardar taswira: akwati biyu masu shiga cikin juna, kowanne santimita 80, na biyun ya fi na farko faɗi don ruwa ya rage gudu, ba tsani, da rariya mai ido biyu. Gwangwanin darma kuwa ya ce shi zai fara haɗawa kafin ya yanka ko da inci ɗaya na alminiyam.