Daren da Mai Jifanmu Ya Karye

Saura minti 4 a tafi hutun rabin lokaci abin ya faru. Hular kwanon wani mai tsaro ta sauka a tsintsiyar hannun dama na mai jifanmu daidai lokacin da ya saki ƙwallo. Yaron bai yi ihu ba, durƙusawa kawai ya yi ya rungume hannun a ƙirji. Wasa na 3 ke nan cikin 10 da muke da su a kakar, daren Juma'a, fili cike da iyaye. Da mai kula da lafiyar 'yan wasa ta taɓa wurin ta ɗago ta dube mu, ni da babban koci muka san karaya ce.

Ni mutumin Maraɗi ne, da tamaula na tashi. A Greensboro ta jihar Karolina ta Arewa, inda 'yan Nijar muke da yawa, ɗana ya ja ni cikin ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a ruga da ita. Ya gama sakandare ya wuce, ni kuwa na ci gaba da taimaka wa kocin makarantar. Ga wanda bai san wasan ba: mutum 11 ne kowane ɓangare, ana ba ku dama 4 ku ci yadi 10, in kun kasa ƙwallo ta koma wa abokan hamayya. Kusan kowace dama sai ta bi ta hannun mutum guda, kwatabak. Shi ke karɓar umarnin koci ya isar wa sauran, ya duba tsayuwar masu tsaro, ya karɓi ƙwallo daga senta, ɗan wasan da ke duƙe a gabansa, ta tsakanin ƙafafu, sannan ya miƙa ko ya jefa. In ya faɗi, tamkar madugu ne ya faɗi a dokar daji, ayari ya yi cirko-cirko.

Mai maye gurbinsa ɗan abokina ne, mutumin Damagaram, shekararsa 15. Na juya na same shi a ƙarshen benci, hula a cinya.

"Kawu, ni?"

"Kai mana, ɗana. Ɗaura hularka, ka yi bismilla."

Ƙwallon farko da senta ya ba shi ta suɓuce ta faɗi ƙasa. Ta uku ma haka. Da ya samu ya jefa, ta daki hannun mai cafka ta fice, har sau biyu. A nan wani abu da muka daɗe da sani ya zame mana sabo: yaron bahago ne. Ƙwallon bahago juyawarta daban, ta kan karkata ta ɗaya gefen, kuma hannun masu cafka bai saba da ita ba. Sannan bayansa, inda ba ya ganin mai tahowa, ya koma dama, alhali ƙaton da ya fi kowa iya tarewa a hagu muka ajiye shi shekara biyu. Muka sha kashi a daren.

Laifin namu ne, manya. A atisaye kusan duk jifa na farkon ke yi. Shi wannan aikinsa ya kwaikwayi kwatabak ɗin ƙungiyar da za mu kara da ita, don masu tsaronmu su saba. Wato ya fi sanin dabarun wasu a kan namu. Ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa ranar muka ɗauko wuƙa.

Ran Lahadi muka zauna. Koci ya tuna mana ƙungiyar ƙwararru ta Philadelphia Eagles: a Disamba 2017 kwatabak ɗinsu Carson Wentz ya tsinke jijiyar gwiwa a wasansu da Los Angeles Rams, mutane suka ce kakarsu ta mutu. Kocinsu Doug Pederson da mataimakansa ba su ce mai maye gurbinsa Nick Foles ya zama Wentz ba. Sun koma sun kalli wasanninsa na 2013, shekarar da ya yi jifan ci 27 abokan hamayya suka cafke masa 2 kacal, suka gina masa abin da hannunsa ya saba. A Fabrairu 2018 suka doke New England Patriots 41 da 33 suka ɗauki Super Bowl, babban kofin wasan. Koci ya tura mini littafin dabarunmu, wajen 60 ne a ciki, ya ce in zauna da yaron mu rage.

Na tambaye shi wacce yake so, ya ce duk wadda muka zaɓa. Sai na sauya tambaya: wacce kake yi ba tare da ka tsaya tunani ba? Da haka muka tsira da 14, yawanci gajeren jifa ne yana gudu ta hagu, sauran a miƙa wa mai ruga. Muka rubuta su a 'yar takarda aka ɗaura masa a hannu, koci ya kira lamba kawai. Kafin kowane atisaye shi da senta su yi miƙa da karɓa sau 50, masu cafka kuma kada su tafi gida sai sun kama jifansa har hannu ya gane juyin.

Kuskure ɗaya muka ƙara: muka musanya masu tarewa biyu na gefe, na hagu ya koma dama. Mako guda muka gane ƙafafunsu sun rikice, kowanne na taka ƙafar da ba ita ba. Muka mayar da kowa wurinsa, muka ƙara mutum guda a dama ya taimaka.

Abin da ya fi ba ni wuya ba ya cikin littafi. Yaron nan gidan tarbiyya ya fito, ba ya ɗaga murya gaban na gaba da shi, ba ya haɗa ido. Ga shi dole ya tsaya tsakiyar 'yan shekara 18 ya ba su umarni, ya kuma ƙwala kiran da za a ji cikin hayaniyar fili da gangunan makaranta. Sau uku aka ci mu tarar yadi 5 don wani ya motsa kafin lokaci, bai ji shi ba. Koci ya ɗauka tsoro ne. Ni na san kunya ce, don da ita aka rene ni. Na ja shi wajen ajiye motoci bayan magariba, na tsaya can nesa, na ce ya kira har in ji.

"Kawu, ai yayyena ne."

"A gida yayyenka ne. Cikin fili amanarsu ke hannunka, in ba su ji ka ba su za a buge."

Wannan maganar ce ta shige shi. Ranar Alhamis muryarsa ta dushe, amma ba a sake cin mu wannan tarar ba.

Mahaifiyarsa ta kira ni ta ce, "Malam, ɗana amana ne." Saboda ita na dage a koya masa jefar da ƙwallo waje in hanya ta toshe, da zamewa ƙasa kafin a cim masa. Muka kuma fara horar da wani mai cafka a matsayin na uku, don mun ga yadda San Francisco 49ers suka rasa kwatabak biyu, Brock Purdy da Josh Johnson, a wasa guda a Janairu 2023.

Wanda na kusa mantawa shi ne mai karayar, kuma har yau abin na damuna. Kwana 8 bai leƙo fili ba, babu wanda ya neme shi cikinmu. Na je gidansu na same shi ya rufe ɗaki. Da ya dawo, hannu a ɗaure, koci ya ba shi allon rubutu ya tsayar da shi gefensa. Duk sa'ad da ƙaramin ya fito, shi ke zama kusa da shi ya nuna masa wane mai tsaro ne ke yaudararsa. Abin da mu muke faɗa cikin jimla biyar, shi da kalma biyu yake gamawa.

Cikin wasa 7 da suka rage mun ci 4, ba mu kai zagayen kifa ɗaya ƙwala ba. Bana bahagon ne na farko. Ranar da aka buɗe atisaye a watan Agusta na zo da takarda ina ƙirga jifa, duk na uku sai in busa usur ya koma gefe, wani ɗan shekara 14 mai rawar hannu ya matso bayan senta.