Daren da muka kwana a Adis Ababa da yara biyu

Ranar da muka bar Damagaram za mu umra, a watan Afrilu, zafi ya wuce digiri 40, ko inuwar darbejiyar ƙofar gidanmu a Birni ba ta zaunuwa. Wa zai tuna da rigar sanyi a irin wannan rana? Na ninke rigunan yaran na tura can ƙasan babban akwati, wai sai mun shiga sanyin na'urar masallacin Harami.

Ta Kano muka bi, don tafiyar kilomita wajen 240 ta fi mana sauƙi a kan kusan 900 na zuwa Yamai, ga yarinya mai shekara 5, ga goyon wata 18. Tikitinmu na da kwana ɗaya a Adis Ababa, babban birnin Habasha, kafin jirgin Jidda. Ni a raina wannan daren ba ya cikin lissafi: a sauka, a kwanta, a tashi.

Da muka sauka a filin jirgin Bole bayan isha'i aka ba mu takardar masauki, a nan na ji cewa manyan akwatunanmu ba za su fito ba, sai Jidda. Haka tsarin yake ga masu yada zango, ni ce ban tambaya ba. Muna fita wajen motar otel iska ta doke mu. Garin yana bisa tudu, sama da mita 2,300, shi ya sa darensa yake kamar tsakiyar hunturunmu. Babbar ta fara karkarwa, haƙoranta na haɗuwa.

"Baban Nana, rigunansu suna cikin akwati," na ce.

Bai ce komai ba. Ya buɗe jakarsa ya ciro mayafin haraminsa guda ya naɗe ta da shi, ni kuma na goya ƙaramin na rufa masa hijabina. Da ma ya ajiye haramin a hannu ne saboda a sama ake wuce miƙati, yana so ya ɗaura tun kafin shiga jirgi. Har yau in na tuna ta cikin farin ƙyallen nan, ido kawai a waje, sai zuciyata ta karye.

Abinci kuma wani batu ne. An kawo injera, wainarsu mai faɗi da ake yi da garin tef, ga tsami kamar ƙullun da ya kwana uku. Ni ta yi mini daɗi, yaran ko kallo. Abin da ya cece mu shi ne garin kunun gero da Inna ta cusa mini a jakar hannu muna sallama, ina cewa ya yi nauyi, tana cewa "Ke dai riƙe, ɗiyata, yaro bai san baƙunta ba." Na roƙi ruwan zafi, na dama a kofin shayi, suka sha suka yi barci. Allah ya saka wa Inna da alheri.

Da muka zo salla na juya inda nake zaton gabas ne. Maigidan ya duba waya ya ce a'a, a nan alƙibla kusan arewa take sak, don Makka tana saman Habasha ne. Yarinyar ta leƙo daga bargo ta ce, "Umma, su ba su da gabas ne?" Mun daɗe muna yi mata bayani da tafin hannu.

Wanda ya kusa ja mana asara shi ne agogo. Mun san suna gabanmu da awa 2, mun gyara. Abin da ba mu sani ba, mutanen ƙasar daga fitowar rana suke fara ƙirga awoyi, ƙarfe 7 na safe shi ne ƙarfe 1 a wurinsu. Wani ma'aikaci ya ce mana mota za ta zo ƙarfe ɗaya, na yi murna za mu huta har azahar. Sai maigidan ya ga abin bai yi daidai da tikiti ba, ya koma ya miƙa masa takarda ya rubuta, ya nuna a agogon bango. Ashe bakwai na safe ne.

Yanzu duk wadda ta zo mini sallama za ta bi ta can da yara, nakan zaunar da ita mu haɗa jakar hannu tare: rigar sanyi da safa, kayan canji biyu ga kowane yaro, garin kunu, maganin zazzaɓi, da katin rigakafin shawara da na sanƙarau a haɗe da fasfo. Wata ta ce na cika tsanani. Na ce ta bari sai ta sauka a Bole.

Da asuba na buɗe labule, hazo ya rufe duwatsun bayan gari, mata na wucewa lulluɓe da fararen mayafai. Yarinyar ta tsaya kusa da ni, har lokacin da haramin babanta a kafaɗa, ta ƙi sakinsa sai da ya lallashe ta a ƙofar jirgi.