Noti huɗu da suka cinye mini wata biyar

Har yau idan na shiga sito na ga kwalin shokazoban nan guda biyu, sai raina ya ɓaci. Kuɗi na zuba na saye su don maganin ciwon da ba shi ke damun motar ba, sati uku kacal suka yi a jikinta na cire.

Peugeot 504 ce, amma ba irin wadda muka tashi muna gani a tasha ba. Mai ƙofa biyu ce, wadda ake kira Coupé, ƙirar 1972, mai fitila huɗu a gaba. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana bodin kuma ya ƙera shi, aka ɗora a kan kayan Peugeot. A 1969 aka fara fito da irinta, aka daina a 1983. Tsakanin tayar gaba da ta baya mita 2.55 ne, na salun kuwa 2.74, kuma daga ƙofa har bonet babu abin da za ka ciro daga salun ya zauna mata. A Birnin Konni na same ta, bayan gidan wani dattijo, awaki sun mayar da inuwarta wurin hutu. Ƙasarmu ta yi mata rana ɗaya: babu danshi, don haka tsatsa ba ta ci ƙarfen ba. Amma duk abin da yake na roba a jikinta zafi ya gasa shi, ka taɓa ya ruguje kamar ƙuli-ƙuli.

Inji da fenti ba su ba ni wahalar da zan tsaya ba da labari ba. Wani ya riga ya cire famfon man asali ya sa mata kafireto tun kafin ta zo hannuna, na bar ta a haka, domin ita ce bakanike zai iya kwancewa ko a Tureta ta tsaya.

Aikin ƙafa ne ya kayar da ni.

Duk garejin da ka shiga a Buzaye, unguwar makanikai a nan Sakkwato, za a ce maka Fijo ai Fijo ce. Suna da hujja, tun 1975 aka fara haɗa 504 a Kaduna, wasu a ƙarƙashinta suka yi furfura. A gaba maganar tasu ta kusa gaskiya. A baya ne aka rabu. Wagon da a-kori-kura aksil ɗaya ne ya haɗa tayoyin biyu, ita kuwa wannan kowace taya da hannunta daban, kowane hannu yana rataye a jikin ƙarfen gicciye da bushin biyu, wato 'yan bututun ƙarfe masu roba a tsakani. Bushin huɗu ke nan, noti huɗu. Na zaga masu kayan gyara na unguwar Sahara shago-shago, na aika Ƙofar Ruwa a Kano, na sa aka duba mini Panteka a Kaduna. Abin da ake miƙo mini ko dai tsohon da aka ciro daga wata gawar mota, ko wanda aka yanka daga tsohuwar taya. A ƙarshe daga Faransa na yi oda, ta hannun wani ɗan'uwa a Yamai. Sati bakwai ina jira.

Wanda ya yi mini aikin wani tsohon bakanike ne da kowa ke kira Baba. Da ruwan sabulu ya shigar da su, ya hana yaransa kusantar su da baƙin mai, don mai yana cin roba. Ranar Alhamis aka mayar da hannuwan, saura kwana uku Babbar Salla. Bayan La'asar aka aiko masa da rasuwa a Kware. Yana wanke hannu ya ce mini, "Alhaji, notukan bayan ga a bar su sako-sako har in komo." Na ce to.

Na ji shi sarai. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, ba zan iya cewa ba a gaya mini ba. Sai dai a raina na ɗauka irin jan aikin nan ne na masu gyara, kada a gama ba su nan. Ni kuwa na riga na ga kaina ina fita da ita ranar Idi. Bayan Isha na dawo garejin da fitila, motar tana kan jak da kututture, tayoyin baya suna reto a iska. Na ɗauko sifana, na zura mata bututu don ƙarin ƙarfi, na ɗaure noti huɗun nan har sai da kafaɗata ta amsa. Na koma gida ina yi wa kaina kirari. Da safe na sa yaran suka sauke ta, na tafi da abata.

Alamar farko a ranar ta bayyana, ban karanta ta ba. Bayan motar ya ɗaga sama da kusan yatsa biyu. Na ce sabon sifirin ne, zai kwanta. Aka yi Salla, na bi ta Gawon Nama a hankali gilashi a sauke, dattawa suna tsayar da ni suna tambaya wace irin Fijo ce wannan. Daɗi ya rufe mini ido.

Sati uku bayan nan ta fara wani ƙwas-ƙwas daga baya idan na hau gargada. Sannan abin da ya tsorata ni: ina kan Western Bypass da ɗan gudu, na ɗaga ƙafa daga totur, sai na ji gindin motar ya goce gefe kamar wani ya ture ta, na sake takawa ta dawo. Wanda bai taɓa jin mota tana tuƙa kanta daga baya ba, ba zai gane yadda cikin mutum ke ɗurar ruwa ba.

Nan ne ya kamata in koma wurin Baba. Kunya ta hana ni, tun da na ɗauke mota ba sallama. Sai na shiga bin masu shawara. Wani ya danna but da hannu ya ce shokazoba ce, na saya. Ba ta daina ba. Na kai ta alaimen sau biyu, alhali abin da mai alaimen yake iya juyawa tayarod ɗin gaba ne, ciwon kuwa yana baya. Kafin in farga tayoyin baya sababbi sun cinye ta gefen ciki, ƙasa da wata biyu da sayensu.

Ranar da na kai wa Baba ita bai yi mini faɗa ba. Ya sa aka hau da ita kan rami, ya sauka da libar taya a hannu, ya sa ta tsakanin hannun da ƙarfen gicciye ya ɗan banƙara. Hannun ya motsa kamar haƙorin yaro mai shirin fita, wani baƙin gari ya zubo masa a hula. Ya cire hular ya kakkaɓe.

"Wa yaɗ ɗaure notukan ga?"

"Ni ne, Baba."

"Tana bisa jak kaɗ ɗaure su?"

Na yi shiru. Ya fito, ya ɗauki tsumman da yake goge hannu, ya riƙe bakinsa biyu ya murɗa kamar mai matse wanki. Ya ce in ƙara murɗawa. Na ƙara, zaren ya fara tsinkewa. Ya ce to abin da ka yi ke nan.

Na daɗe ina ɗauka hannun yana juyawa ne a kan ƙusar kamar ƙyaure a kan hinji. Ashe ba haka ba ne. Bushin bututun ƙarfe biyu ne, ƙarami cikin babba, roba ta manne su. Babban yana maƙale a jikin hannun, ƙaramin kuwa da zarar ka ɗaure noti ya kafe ke nan, ba ya sake motsi. Duk hawa da saukar da taya ke yi, robar ce ke murɗuwa ta ɗauke. Idan aka ɗaure mota tana tsaye da nauyinta, robar tana hutawa a tsakiya, ta ɗan murɗa nan idan an hau tudu, ta ɗan murɗa can idan an faɗa rami. Ni kuwa na kafe ta ne taya tana can ƙasan iyakarta. Ana sauke motar robar ta murɗe, a haka take kwana take wuni, kowane tudun rage gudu na cikin gari yana ƙara mata. Ita ce ma ta riƙe bayan motar sama da yatsa biyun nan da na ɗora wa sifirin. Ga zafin Sakkwato da kwalta ke yi kamar tanda. Cikin huɗun, uku sun rabu da ƙarfensu gaba ɗaya.

Oda ta biyu sati tara ta yi, kuma kafin nan Yuro ya ƙara tashi. Motar tana ajiye ƙarƙashin tamfol damina ta wuce ta kanta.

Wannan karon a gefe na tsaya da littafi. Aka sa ƙusoshin aka ɗaure da yatsa kawai. Aka sauke ta, aka tura gaba da baya sau da yawa don tayoyin su baje, domin motar da aka sauke daga jak a maƙale take zama idan ba a gangara da ita ba. Yara suka danna kowace kusurwa. Rabin tanki na mai, buhun siminti ɗaya da rabi a kujerar direba a madadina. Na auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen bodi a kusurwa huɗun na rubuta, hagu da dama ba su bambanta da fiye da 'yan milimita ba. Sai a lokacin Baba ya shiga rami da sifana mai awon ƙarfi, tayoyi huɗu a ƙasa, ya ɗaure. Minti goma bai cika ba. Minti goman da na ƙi jira kwana biyu a yi mini. Alaimen ya zo a ƙarshe, bayan na yi kwanaki ina yawo da ita ta zauna, kuma na mayar da tsofaffin shokazoban da na zarga, lafiyarsu lau.

Samari da ke zuwa kallonta ba su da magana sai in yanke sifirin ta kwanta ƙasa, wasu kuma in sa bushin roba mai taurin nan na masu tsere. Ban yi ba. Doguwar tafiyar ƙafa da laushinta su ne darajar 504. Irin wannan bodin, mai injin V6, shi Jean-Pierre Nicolas ya ci gasar Safari ta Kenya da shi a 1978, a kan hanyoyin da suka fi namu muni. Ka yanke sifirin ka shiga da ita lungunan Mabera da damina, salansarka za ka tsinta a baya.

Asabar ɗin da ta wuce na fita da ita hanyar Bodinga bayan Asuba. Da na samu miƙaƙƙen wuri na ɗaga ƙafa daga totur da gangan, na sassauta riƙon sitiyari ina jiran turin nan. Ta tafi sak. Na maimaita sau uku kafin zuciyata ta yarda. Da na dawo na biya ta garejin da ƙosai, Baba ya karɓa, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ɗago ya dubi yaransa ya ce daga yau duk wanda ya bar wa Alhaji bututu kusa da sifana, shi zai biya.

Shokazoban kuwa suna nan cikin kwalinsu. Na sa su a kasuwa da rabin kuɗi, wata uku ke nan ba wanda ya taya.