Sau Uku Ta Bi Takardar

Yau aka liƙa sunayen ɗaliban ajin ƙarshe da kamfanoni suka ɗauka aiki a jami'armu ta injiniyoyi. Ina gefe ina kallon cunkoso, sai ga wata ɗalibata 'yar sashen lantarki tana bin takardar da yatsa, layi-layi, har ƙasa. Ta koma sama ta sake bi. Sau uku. Sannan ta juya ta rungumi ƙawarta da sunanta ya fito, tana yi mata barka, bakinta da murmushi amma hannunta na rawa.

Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Da idona na ga yarinyar nan tana kai dare a ɗakin gwaji, tana naɗa wayar tiransifoma da hannunta har ta yi aiki. Sai dai yawancin kamfanonin da suka zo bana masu rubuta manhajar kwamfuta suke nema, tambayoyinsu ma duk can suka karkata. Gobe za mu ƙirga waɗanda suka samu, mu sa a rahoto, a ce shekara ta yi kyau. Ita ba ta cikin wannan lissafin. Tun da na dawo ofis nake tunanin wa zan kira a kanta.