Ranar da na je su a tafkin Rutland

Satin jiya na dawo daga Ingila, inda na sauka gidan ƙanena a Lesta. Na ga abubuwa, amma wanda ya tsaya mini a rai shi ne wunin da muka yi a tafkin Rutland.

Maƙwabcinsa ne ya gayyace mu, wani dattijon Bature ɗan fansho. Ya zo da shayi a fulas, ya ara mini rigar ruwa da sandar fatsa, ya kuma hana ni biyan kuɗin mai. Tafkin madatsa ce da aka gina a shekarun 1970 kusa da garin Okam, har ruwan ya ci wani ƙauye. Cocin ƙauyen Nomanton ma da kyar aka cece shi, yanzu yana nan a bakin ruwa, ƙasansa cike da duwatsu.

Sai dai kuɗi! Sai ka sayi lasin gwamnati na riƙe sanda, ka sayi takardar izinin wuni, hayar kwale-kwale kuma daban. Da na lissafa da naira sai na ce wa ƙanena, "Wannan ai kusan buhun shinkafa ne." Ya ce, "Yaya, daina lissafi, za ka ɓata wa kanka rai."

Kifin da ake nema sunansa tirawut, na ruwan sanyi ne. Sa tana a ƙugiya haramun ne a wajen. Ƙwaron ƙarya ake ɗaura masa, kuma a gabana dattijon ya haɗa ɗaya tun da dare. Akwai wani ƙwaro mai kama da sauro amma ba ya cizo. Tsutsarsa ja ce, a cikin taɓon ƙasan tafki take girma, sannan ta taso sama ta rataya a fuskar ruwa tana kokawar fita daga ɓawonta. A wannan ɗan lokacin ba ta iya tashi, ba ta iya nutsewa, shi kuwa kifi ya san haka. Ita dattijon yake kwaikwayo. Ya kafa ƙugiyar da ba ta kai farce ba, ya naɗe ta da baƙin zare siriri, ya zagaya da waya mai ƙyalli, sannan ya ɗaura tuntun gashin agwagwa a kai. Gashin na kusa da wutsiya ne, inda agwagwa ke samun man da take shafe jikinta, shi ya sa ba ya saurin jiƙa. Tuntun na yawo a sama, jikin na reto a ƙasa.

Da la'asar iska ta kwanta, muka fara ganin bayan kifaye suna ɓullowa a hankali. Ya ce in jefa gaban kifi, kada in ja, in bar iska ta tafi da shi. Tuntun ya ɓace, na ɗaga sanda, igiya ta ɗauki kuka. Da muka ciro shi, jikinsa duk ɗigo-ɗigo da jan layi a gefe, dattijon ya zare ƙugiya ya mayar da shi ruwa, yana ta murna. Na bi shi da kallo kawai. A Argungu mutum ya kama kifi ya saki, ai sai a tambayi lafiyarsa. Na biyun dai na roƙa aka bar mini, matar ƙanena ta yi mana farfesu.

Ragowar tafiyar ba wani labari. Landan cunkoso da tsada, wani mai duba tikiti a jirgin ƙasa ya yi mini magana kamar ya kama ɓarawo, alhali tikitina na hannuna. Washegari na hau jirgin Abuja.