Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Minjirya

Makon jiya na tsaya a inda muka tashi daga Rijiyar Ɗorowa muka koma Mabera, na kuma yi alkawarin labarin auren autarmu. Ku yi haƙuri, ba shi zan bayar ba. Daren Talata abin nan ya sake taso min a tafin ƙafa, na kwana ido biyu, don haka yau zancensa zan yi ko da an tsallake shekaru.

A azumin 2023 ya fara. Duk wanda ya san ɗinki ya san tela ba shi da barci a goman ƙarshe. Ga zafin Sakkwato na watan Afrilu, fanka ma wuta take hurowa, ga mutane sun fito daga wahalar canjin kuɗi kowa ya kawo yadinsa a makare. Ina kan keke daga bayan tarawihi har sahur. Wani dare ina haɗa wuyan wata shadda sai yatsun ƙafata suka yi minjirya. Na miƙe na bubbuga ƙafa a ƙasa kamar yadda kowa ke yi. Minjiryar da na sani, taku uku ta wuce. Wannan ta ƙi. Bayan kwana biyu ta hau hannu, kamar kiyashi na yawo a cikin fata, wani lokaci kamar ana tsira min tsinin allura. Babu kumburi, babu zazzaɓi, babu abin da zan nuna wa mutum in ce ga shi.

Ranar Sallah mun taru wajen Inna, na ɗan matsa kusa da ita na gaya mata. Yaya Babba yana kishingiɗe kan darduma yana latsa waya, ko ɗago kai bai yi ba ya ce, “Ƙyale shi Inna, wanga ba ciwo ba na, tsoro na.” Aka kwashe da dariya. Har uwargida ta sunkuyar da kai tana murmushi, na gan ta. Ku mutanen Kano, “tsoro ne” yake nufi, kada ku zaci nasa tsoron yake faɗi. Shi ai ba ya jin tsoro.

To bari in faɗi abin da na kasa faɗa a gaban Inna. A 2010, shekarar da ruwa ya cinye gadar hanyar jami’a, Baba yana alwala ya ce min, “Hannun ga ya yi min nauyi.” Na hagu. Muka ce sanyin damina ne, na shafa masa man zafi da hannuna. Kwana uku tsakani na same shi a ƙasa kusa da buta, baki ya karkace, yana kiran sunana sunan ba ya fita. Shekara biyu da wata huɗu ni ke juya shi, ni ke yi masa wanka, ni ke goya shi zuwa bayi. Yaya yana Legas. Yana aiko da kuɗi, ban ce bai aiko ba, Allah ya saka masa. Amma sau biyu ya zo, kuma kullum a bakin ƙofa yake tsayawa ya yi sannu. Wanda bai taɓa ɗaga mahaifinsa kamar jariri ba shi ne zai gaya min tsoro na.

Abubuwan da na yi a watannin nan, yau kunyarsu nake ji. Ina da allura ƙarƙashin matashi, tsakar dare in tashi in tsira ta a babban yatsa in ji ko ƙafar na nan. In haska fitilar waya a madubi in yaƙe haƙora, ina duba ko baki ya soma gocewa. In karanta Fatiha a bayyane don in ji ko harshe ya yi nauyi. Kemis ɗin unguwarmu sau uku nake zuwa a yini awon jini, har yaron ya ce, “Baba, wallahi kuɗinka nake tausayi.” Sai kuma wani ya ce min kuturta ma da mutuwar fata take farawa. Tun muna yara sunan Amanawa, inda asibitin kutare yake, kaɗai ya isa ya sa mu yi tsit. Na sa uwargida ta riƙa duba min baya ko akwai tabo mai haske. Ta duba sau ɗaya, sau biyu, na uku ta ce, “Malam, don Allah ka bar ni in yi barci.”

Goggo kuwa ta yanke hukunci tun ranar farko: tsallake ne, an zuba min a ƙofar shago. Na sha rubutu, na shafa man zaitun da habbatus sauda. Ta turo min wanzami ya kafa min ƙaho huɗu a sha-raɓa, ya zuƙa ya toshe, da ya cire ya juye jinin a ƙasa, baƙi kamar hanta, ya ce, “Ka ga mataccen jinin da ad damun ka.” Wallahi kwana biyu na yi ina jin daɗi. Ni dai ina ganin daɗin na cewa an ga wani abu da ido ne.

Sai bayan Babbar Sallah na je asibiti. Likitar yarinya ce, ba ta kai autarmu ba. Ta sa na cire takalmi, ta shafa min auduga a yatsu idona a rufe, ta buga wani ƙarfe mai baki biyu ta ɗora a idon sawu ta ce in faɗa in karkarwar ta tsaya, ta ƙwanƙwasa min gwiwa da ’yar guduma. Sai tambayoyi. Ko ina da ciwon suga, don shi ne ya fi cin jijiyoyin ƙafa. Ko na taɓa shan maganin tarin fuka, don a ciki akwai ƙwayar isoniazid mai taɓa jijiyoyi, shi ya sa ake haɗa shi da bitamin B6. Ko ina shan giya. Na ce, “Likita, dube ni da kyau.” Ta ce kowa take tambaya. Ko ina cin nama, ƙwai, kifi, nono, don can bitamin B12 yake, ƙarancinsa kuma na kawo wannan. Na ce Basakkwace ake tambaya ko yana shan fura da nono?

Suga kafin karin kumallo ya fito 5.2, ta ce sai ya kai 7 ake maganar ciwon suga. B12 yana can ƙasa-ƙasa amma bai faɗi ba, ta rubuta min ƙwayoyi. Hannu kuwa ta lura babban yatsa da manuni da na tsakiya ne, ɗan ƙaramin lafiya lau, ta ce da alama jijiya ce ke matsuwa a wuyan hannu saboda almakashi da keke. Ƙafar dai ta ce ba ta ga dalili ƙwaƙƙwara ba, a ci gaba da dubawa. Na ba ta labarin Baba. Ita kaɗai ce ta ajiye biro ta saurara har ƙarshe. Ta ce nasa ɓari ɗaya ne, farat ɗaya, da nauyi da rashin ƙarfi, irin wanda ake garzayawa asibiti a take ba a tsaya shafa mai ba. Nawa hagu da dama ne, ƙarfina kuma yana nan. Maganar man nan ta soke ni, ba ta san ni na shafa ba.

Sannan ta ce in yi numfashi da sauri-sauri na minti ɗaya. Ban kai ƙarshe ba leɓena da yatsuna suka ɗauka, minjirya sak irin ta dare. Ta ce mai fargaba haka yake haki bai sani ba, yana fitar da iskar kabon fiye da kima, jijiyoyi su yi ta tsirawa. Wato fargabar da kanta tana ƙara abin.

Na hau kabu-kabu raina a ɓace, maimakon in yi murna. Ashe Yaya yana da rabin gaskiya. Rabi, na ce. Ya faɗi tsoro, bai tambayi na mene ne ba, har yau kuma bai tambaya ba. Ban gaya masa abin da likita ta ce ba. In yana karanta wannan, ga shi ya gani.

Daren Talatar nan da ta taso, na laluba ƙarƙashin matashi babu allura, uwargida ta daɗe da ɗauke ta. Na fita tsakar gida na zauna kan turmi ina jan numfashi a hankali yadda aka koya min. Madubin dai na duba, ba zan yi muku ƙarya ba. Fatiha ma na karanta, ta fita daidai. Ina nan zaune aka kira assalatu.

Mako mai zuwa auren auta, in Allah ya kai mu. Yaya na ciki, don shi ya karɓi sadaki, ni na kwana goma sha ɗaya ina ɗinka kayan.